Tankin ƙari: warin mai da ƙin shan mai, daga ina suke tasowa?

A Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai da masu walda a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, in dai abu da ƙarfe ake yinsa to akwai mai ƙera shi, kuma tankin mai na ƙari yana cikin kayan da masu walda ba sa rasa ciniki a kansu. Tirelar da ta yi lodi a Tema za ta Wagadugu tana da kusan kilomita 1,000 a gabanta, mai zuwa Yamai ko Bamako kuwa tafiyarta ta fi haka. Ga masu sauko da albasa daga Nijar, ga masu shanu, ga masu a-kori-kura da ke shiga ƙauyukan arewa inda gidan mai yake da nisa. Tun da aka sakar wa kamfanoni sa farashin mai a Ghana a 2015, kuɗin lita ya bambanta daga wannan gidan mai zuwa wancan, don haka kowane mai mota yana so ya cika a inda ya ga sauƙi, kuma a inda ya yarda da man. Ban ga laifinsu ba. Ni makanike ne, aikin dizal na fi yi, kuma wurina motocin nan suke ƙarewa bayan mai walda ya karɓi kuɗinsa. Kuka biyu ake zuwa mini da shi kusan kullum: ko mota tana warin mai, ko tanki ya ƙi shan mai.

Abin da nake so direbobi da masu mota su riƙe shi ne, koke-koken nan biyu galibi tushensu ɗaya, wato hanyar iska. Tanki numfashi yake yi kamar mutum. In za a zuba masa lita 300 na mai, dole lita 300 na iska ta fita ta ba shi wuri. In injin ya shanye lita 300 ɗin, dole iska ta dawo ta cike gurbin. In rana ta yi zafi mai ya kumbura, dole a sami inda matsin zai bi. Kamfanin da ya ƙera mota ya riga ya yi lissafin duk wannan a tankinsa na asali. Land Cruiser mai tanki biyu daga kamfani, irin wadda kowane tanki yake ɗaukar lita 90, ba ka jin tana wari sai in wani abu ya lalace, domin an shirya wa kowane tanki hanyar iskarsa tun daga zane. Namu na Magazin kuwa, sau da yawa akwati ne mai kyau, walda tsaf, fenti na sheƙi, amma maganar iska sai a ƙarshe ake tuna ta, a huda ɗan rami a liƙa siririn tiyo a ce an gama.

Bari in fara da ƙin shan mai, don shi ya fi jawo faɗa. Direba ya tsaya a gidan mai, yaro ya sa bakin famfo, lita 5 ba ta shiga ba sai ka ji ƙas, famfo ya tsaya. Ya sake matsawa, ya sake tsayawa, wani lokaci ma man ya yi aman baya ya wanke masa hannu. Sai direba ya fara zargin ana yi masa coge a famfo, layi ya yi tsawo, na baya suna danna hon. Alhali famfon aikinsa yake yi. Kusa da ƙarshen bakinsa akwai wata 'yar huda da take zuƙar iska muddin mai yana gudu. Da zarar mai ko kumfa ya rufe hudar nan, sai wani faifai a cikin hannun famfon ya ja, ya kashe shi. An yi haka ne don kada tanki ya cika ya zube. To in iskar cikin tankinka ba ta da hanyar fita sai ta cikin wuyan da mai yake sauka, za ta turo man sama, ya rufe hudar, famfo ya ɗauka tanki ya cika. Dizal kuma ga shi da kumfa, famfon manyan motoci ga shi da gudu, sai abin ya haɗu ya yi yawa.

Kwanan baya wani Alhaji mai motocin albasa, maƙwabcina ne a Aboabo, ya turo mini direbansa da wannan matsala. Direban ya ce, “Masta, tankin nan sai mun kusa awa muna lallaɓa shi kafin ya cika, yara a gidan mai har gudunmu suke yi.” Na shiga ƙasa da tocila na bi tiyon iskar da hannu daga saman tanki har wuya. Tsayinsa ya yi yawa, sai aka bar shi ya lanƙwaso ƙasa ya sake hawa, aka ɗaure da wayar ƙarfe a jikin shasi. Da na zare bakinsa na saukar, dizal ya tsiyayo kusan rabin kofi. Wannan man da ya kwanta a lanƙwasar shi ne ya toshe hanya, iska ba ta iya ture shi. Muka yanke tiyon ya dawo daidai tsayinsa, muka ɗaga shi ya riƙa hawa kawai babu sauka, yadda duk man da ya fantsama ciki zai gangaro ya koma tanki. Aikin bai kai na sayen komai ba in ban da kilip 2.

Ba lanƙwasa kaɗai ke toshe wannan tiyo ba. Laka tana toshe shi da damina, jar ƙurar hunturu tana haɗuwa da danshin mai ta daskare a bakinsa, kuma akwai zanzaro. Motar da ta yi mako biyu a fake tana jiran lodi, zanzaro yana samun bakin tiyon a buɗe ya cika shi da laka ya yi ɗakinsa a ciki. Daga waje ba ka ganin komai. Sai ka zura waya ka ji ta tsaya a kan abu mai tauri, ka ƙwaƙulo busasshiyar ƙasa da 'yan tsutsotsi. Shi ya sa nake sa ƙaramar filta ko raga a ƙarshen kowane tiyon iska, in juya bakin ya kalli ƙasa, in ɗaga shi nesa da inda taya ke watso ruwa.

Akwai kuma girman tiyon. Mutane suna haɗa abu biyu wuri ɗaya. Siririn tiyo ya isa ya ba tanki iska lokacin da mota take tafiya, domin injin a hankali yake sha. Amma lokacin zuba mai, iska mai yawa ce take neman fita cikin 'yan mintoci, wannan yana buƙatar tiyo mai faɗi, kamar milimita 16 zuwa 19, wanda ya taso daga wurin da ya fi tudu a saman tanki ya haɗu da wuya can sama kusa da murfi. In tankin dogo ne kuma motar tana tsayawa a karkace, iska takan maƙale a ƙarshen da ya fi tudu, sai ka ga tankin lita 400 ya ƙi ɗaukar fiye da 340. Irin wannan yana son hanyar iska a kowane ƙarshe. Wuyan kansa ma a duba: in ya kwanta sosai, ko an yi masa gwiwa mai kaifi, ko tiyon robar da ya haɗa shi ya murɗe, mai ba zai sauka da gudu ba ko iska tana fita.

Matsalar tana da ɗaya fuskar, kuma ita ta fi cin kuɗin mutane a banza. Direba ya gaji da wari, sai ya cusa noti a tiyon iska, ko ya naɗa leda a murfi ya ɗaure tam. Wari ya ragu, ya ji daɗi. Ya tashi daga Kumasi lafiya, ya wuce Techiman, wajen Kintampo mota ta fara sanyi, ta ƙi ja a hawa, tana shaƙewa. Ya tsaya ya huta, ta tashi, bayan awa guda ta sake. Sai a canja filta, a canja famfon mai, wani har injekta ake kwance masa a bakin hanya. Alhali injin yana zuƙar mai ne iska ba ta shiga, har zuƙar ta fi ƙarfin famfo. Gwajin ba ya cin ko pesuwa ɗaya: lokacin da motar ta yi sanyi, ka tsaya ka buɗe murfin tanki a hankali. In ka ji ya ja iska fuuu, kuma motar ta warware nan take, ka sami ciwon. Na ga tankin da gefensa ya lotsa ciki saboda haka, har waldar gindi ta tsage.

Yanzu ga wari. In mutum ya ce mini motarsa tana wari, ba na fara ɗaukar sifana, tambaya nake fara yi: yaushe kake jin sa? Amsar nan ita ce rabin aikin.

In ya ce sai ya cika tanki fal, musamman da rana, to kumburi ne. Man da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa a gidan mai yana da ɗan sanyi. Ka hau hanyar Tamale zuwa Bolgatanga a watan Maris ko Afrilu, zafi yana kai digiri 40, ga kwalta tana turo nata, ga salansa a kusa. Lita 400 na dizal in zafinsa ya ƙaru da digiri 15 yana ƙara kusan lita 5. Fetur ya fi haka kumbura, kusan lita 1 a kowace lita 100 in zafi ya ƙaru da digiri 10. Litocin nan dole su je wani wuri, sai su bi tiyon iska ko bakin murfi su jiƙa jikin tanki. Ɗabi'ar nan ta girgiza mota don a ƙara cusa lita 2 bayan famfo ya tsaya, ita ce take cinye wurin da aka bari don kumburi. Kashi 5 cikin 100 na tanki ya kamata ya zauna babu mai. Mai walda da ya san aikinsa yakan zura wuyan ya ɗan shiga cikin tanki, yadda ko an so a cika shi har baki ba zai yiwu ba.

In ya ce wari yana tashi ne idan ya juya zuwa tankin ƙari, a nan nake zama sosai, domin wannan shi ne kuskuren haɗi da na fi gani. Injin dizal ba ya ƙone duk man da ya zuƙa. Wani kaso mai yawa yana zagaya famfo da injekta ya sanyaya su, sannan ya koma tanki ta bututun dawowa. To sai a sa bawul a bututun zuƙa kawai, a bar na dawowa yana zuba a babban tanki. Ka tashi da tankuna biyu cike, ka ce bari in fara da na ƙari. Injin yana ɗiba daga na ƙari yana juyewa a babba wanda ba shi da wuri, sai babban ya riƙa amayarwa ta hanyar iskarsa, yana zuba a kan titi kana tafe. Direba yana ganin geji yana sauka da sauri, mai mota yana zargin direba da sayar da mai. Na san yaron kirki da ya kusa rasa aikinsa a kan haka. Da ubangidansa ya zo na nuna masa jiƙaƙƙen gefen babban tankin, da yadda ƙura ta manne ta yi baƙi tun daga bakin tiyo har ƙasa, na ce, “Alhaji, ga inda manku yake tafiya, yaron nan bai taɓa muku ko lita ɗaya ba.” Maganinsa bawul mai baki 6, wanda yake juya zuƙa da dawowa tare. In babu halin sayensa, to a kiyaye doka ɗaya: a fara cin babban tanki, sai ya sauka sosai a tura masa daga na ƙari da ƙaramin famfo, kuma a sa wa famfon fitila a gaban direba don kada a manta shi a kunne.

'Yar'uwar wannan matsala ita ce tankin da aka ɗora a bayan a-kori-kura ko bayan kan tirela, sama da babban tanki, aka bar mai yana gangarowa da kansa. In babu bawul mai rufewa idan na ƙasa ya cika, nauyin man sama zai ci gaba da dannawa har ya fito ta murfi ko ta gaskit ɗin geji. Mota tana fake da dare, da safe a tarar da tabo a ƙasa. A fetur kam ban yarda da wannan haɗi ba ko kaɗan.

In ya ce kullum yana jin warin, cike ko rabi, to yoyo ne ko tiyo mara kyau. Dizal ba ya bushewa da wuri, yana bin jikin ƙarfe ya yaɗu, don haka inda ka ga danshi ba lallai nan ne ramin ba. Yadda nake yi: a wanke tanki da tiyoyi da omo, a bari su bushe sarai, a barbaɗa hoda ko garin alli a kan layukan walda, da gindin kowane bututu, da kewayen geji. A tada mota a zagaya da ita. Inda hodar ta fara yin duhu, nan ne. Mafi yawa ina samunsa a wurin da aka yi waldar ƙafar tanki kai tsaye a jikinsa. Shasi yana murɗawa a gargada, lita 400 na dizal ya haura kilo 330, in babu roba tsakanin tanki da mazauninsa kuma babu shinge a ciki da zai hana mai tambal-tambal, waldar ce take ɗaukar duk wahalar har ta yi tsaga siririya. Tanki da ɗamara ake riƙe shi, a kan shimfiɗar roba.

Tiyo kuwa, araha ba ta ado. Na sha zare tiyon ruwa, har da irin na ban-ruwan lambu, daga layin mai. Wata biyu yana yin laushi ya kumbura, ko ya bushe ya fashe, kuma tun kafin ya fashe wari yana ratsa jikinsa. Tiyon mai na gaske akwai rubutu a jikinsa, ka nemi SAE J30, R7 don layi mara matsi sosai, R9 don fetur mai injekta. Ka shafa tiyo da yatsa ka shinshina, in yatsan ya ɗauko wari alhali babu ɗigo, a canja shi. Washar jan ƙarfe da ke bakin bututu ma in an kwance ta sau ɗaya, sabuwa ake sawa.

Kada kuma a ɗora wa tankin ƙari laifin da ba nasa ba. In warin yana shigowa gaba ne sai injin yana aiki, a buɗe a duba ƙananan tiyoyin dawowa da ke kan injekta, da kan filta. Suna tsufa su riƙa jiƙa injin mai zafi, iska ta kwaso warin ta shigo da shi wurin direba.

Duk abin da na faɗa ya shafi fetur, amma fetur yana da ƙarin magana, kuma ina roƙon a saurare ni a nan. Dizal sai ya yi zafi ya haura digiri 50 kafin tururinsa ya kama wuta. Fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, wato a ƙasarmu babu lokacin da ba a shirye yake ba. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan bodi, a but, a ramin gareji, yana jiran tartsatsi ɗaya daga wayar batir ko guntun taba. Duk wanda yake Ghana ranar 3 ga Yunin 2015 ya san abin da ya faru a gidan man da ke Circle, a Accra, da mai ya bi ruwan ambaliya wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Motocin fetur na zamani ba sa sakin tururi waje, suna tura shi cikin wani gwangwani mai gawayi, injin ya zuƙe shi daga baya ya ƙone. In aka haɗa tankin ƙari da wannan gwangwani ba tare da bawul mai hana ruwan mai wucewa ba, ranar da aka cika fal fetur zai shiga ya jiƙa gawayin. Daga nan wari ba ya ƙarewa, tanki ya fara ƙin shan mai, wani lokaci mota ta yi wuyar tashi bayan an sha mai. Gwangwanin da ya jiƙe canja shi ake yi. Tankin da aka sa a cikin bodi kuwa, ƙarƙashin kujerar fasinja ko a but, da hanyar iskarsa a ciki, ba na gyara shi, cewa nake a cire. Wasu suna fushi su tafi wani wuri, amma ba zan sa hannuna a abin da mata da yara za su zauna a kansa ba. Shi kansa direban da yake shaƙar wannan wari daga Kumasi har Paga, ciwon kai da jiri da gyangyaɗi suna tare da shi a kan sitiyari.

In an gano tsaga, sai maganar walda, kuma a nan yaranmu masu koyon aiki suka fi shiga haɗari. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururi da iska ne suka cika shi. Wanke shi da ruwa sau ɗaya bai isa ba. A sauke shi daga mota, a wanke da ruwan zafi da omo a maimaita, a buɗe duk bakunansa, sannan a cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi aikin. Na dizal ma haka, don zafin walda yana tada tururin da babu shi a da. Bayan an gama a gwada da iska kaɗan, kada matsinta ya wuce PSI 3 a gejin iska, a shafa ruwan sabulu a nemi kumfa. Wanda ya sa wa tanki mai kusurwa iskar taya zai kumbura shi, ko ya fasa.

Wanda zai ba da aikin sabon tanki, ya zauna da mai waldar kafin a yanka ƙarfe. A yi shi da baƙin ƙarfe ko alminiyom, ban da farin ƙarfe mai rufin zinki, domin dizal yana cin zinkin ya kai shi cikin injekta. A sa shinge a ciki. A sa noti a gindi na tsiyaye ruwa, don tankin da yake zama rabi yana tara raɓa, ruwan ya kwanta ƙasa ya kawo tsatsa da baƙin dattin da ke toshe filta. Bututun zuƙa kada ya taɓa gindi, na dawowa ya yi nesa da shi. A nisanta tankin da salansa, wayar famfo ta bi ta fis. Sannan kafin ka biya cikon kuɗi, ka ɗauki motar da mai waldar ku je gidan mai tare, a sa famfo da cikakken gudu. In ya sha har ya cika bai tsaya ba sai sau ɗaya a ƙarshe, ka biya shi. In ya fara ƙas-ƙas tun a lita 20, ku koma a faɗaɗa hanyar iska tun fenti bai bushe ba.